Idan Abokin Aiki Ya Ɓata Maka Suna

Ɗana, mahaifiyarka ta faɗa mini abin da ke faruwa a wurin aikinku, kai ma ka ƙara mini bayani a waya: abokin aikinka ya rubuta a zauren WhatsApp na sashenku cewa kana karɓar na goro a hannun 'yan kwangila, sannan ya bi ofis-ofis yana maimaitawa da baki. Daga muryarka na gane barci ya ƙaurace maka. Mutumin da ya yi shekaru yana tsare hannunsa, rana ɗaya a kira shi maci amana, ba ƙaramin abu aka yi masa ba, kuma kada ka yarda wani ya ce maka ai magana ce kawai. Da magana ake hana ma'aikaci ƙarin girma, da ita ake tura shi sashen da ba aikin yi, da ita ake korarsa, wani lokaci ma takan bi shi har gidan surukai.

Na san shawara iri biyu ake ta ba ka. Mahaifiyarka da 'yan'uwanta suna cewa ka bar wa Allah. Abokanka suna cewa ka sa a kama shi ya kwana a bayan kanta. Ƙauna ce ta kawo duka biyun, amma ban goyi bayan ko ɗaya ba a yadda aka faɗe su.

Bar wa Allah gaskiya ce idan ana nufin kada ka rama, kada ka ƙulla masa sharri, kada ka bar gaba ta ci zuciyarka. Idan kuwa ana nufin ka naɗe hannu har ƙarya ta shiga fayil ɗinka, ba haka magabata suka yi ba. Ka tuna Annabi Yusuf, alaihis salam. A gidan Aziz, inda yake hidima, aka yi masa ƙage, ya yi shekaru a kurkuku. Da manzon sarki ya zo fitar da shi, bai yi rawar jiki ba. Ya ce a koma a tambayi labarin matan da zancen ya shafa tukuna. Sai da aka tara su, matar Aziz ta amsa da bakinta cewa ita ce ta neme shi, sannan ya fito ya karɓi amanar taskokin Masar. Wanda za a damƙa wa dukiyar jama'a ba ya iya aiki da zargi a wuya, kai kuma dukiyar ma'aikata ce ke bi ta hannunka. Haka ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, bayan yaƙin Banul Musɗaliƙ. Kusan wata guda Madina na cikin zancen, har ayoyin Suratun Nur suka sauka suka wanke ta, aka yi haddi ga waɗansu daga cikin masu yaɗawa. Cikinsu akwai Misɗahu, dangin Sayyidina Abubakar, wanda Abubakar ɗin ne ke ciyar da shi. Abubakar ya rantse ya daina ciyar da shi, aya ta sauka tana kwaɗaitar da yafiya, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Ka lura da yadda abin ya jeru: wankewa ce ta fara zuwa, yafiya ta biyo bayanta. Wannan jerin nake so ka bi.

Kafin lauya, kafin oga, kafin kowa, akwai aikin da ba ya jiran gobe. Ka ɗauki hoton saƙon nan yadda za a ga lambar wanda ya turo, da rana, da lokaci, da sunan zauren, da jerin mutanen da ke ciki. Mai saƙo yana iya goge shi daga wayar kowa muddin bai daɗe da turawa ba, kuma da zarar ya ji ƙishin-ƙishin cewa ka tashi tsaye, abin da zai fara yi ke nan. Ka roƙi mutum biyu da ka amince da su su ma su ɗauka su ajiye a wayoyinsu. Wayarka kuwa kada ka sayar, kada ka ba ƙaninka, kada ka kai a wanke ta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, ciki har da takardar tabbaci da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da shi. Ba wasa ake da sashen nan ba: a 2012, a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ce takardun da aka ciro daga intanet ba tare da cika sharuɗɗansa ba, ba su karɓuwa. Idan wayar na nan, lauyanka zai san yadda zai yi.

Abin da ya faɗa da baki ya fi wuya. Ka sami littafi ka rubuta: ranar kaza, a ofishin wane, a gaban wane da wane, ya ce kaza. Kalmominsa nake nufi, ba ma'anarsu ba. Kotu ba ta karɓar "ya dai nuna kamar ni ɓarawo ne". Idan da Hausa ya faɗa, da Hausa za a rubuta su a takardar ƙara, a biyo da fassarar Ingilishi, a kuma tabbatar da fassarar ta bakin tafinta. An sha rasa shari'a a Najeriya saboda an kawo fassara an bar asalin maganar. Kuma kai da ba ka wurin ba za ka iya shaidar abin da ba ka ji ba, wanda ya ji da kunnensa ne zai tsaya. A nan ne za ka san mutane. Waɗanda ke zuwa teburinka suna cewa "wallahi muna bayanka" da yawa za su ja da baya ranar da aka ce su rantse a gaban alƙali a kan mutumin da suke zaune ofis ɗaya da shi. Kada ka riƙe su a zuciya, kowa na tsoron abincinsa. Amma ka tambaye su yanzu, gaba da gaba, don ka san da wa za ka tafi.

A zauren nan, jimla ɗaya ta ishe ka: maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma na kai ta gaban hukumar ofis. Daga nan ka kama bakinka. Na san kai ma ka san wasu abubuwa a kansa, kuma yatsunka na ƙaiƙayi. Ranar da ka rubuta su, an tashi daga wanda aka zalunta da wanda ya yi zalunci, an koma ma'aikata biyu masu faɗa, oga ya ba ku takardar tuhuma tare, shi kuma ya sami abin da zai shigar da kai ƙara a kansa.

Ƙofar farko tana cikin ofishinku. Ka rubuta takardar koke zuwa ga shugaban sashe, ka ba sashen kula da ma'aikata kwafi, ka ba wakilin ƙungiyarku ta ƙwadago kwafi, kai ma ka riƙe naka da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Koken baki iska ke ɗauke shi, kuma oga da ya ce maka "kada ka damu, zan yi masa magana" ana iya yi masa canjin wurin aiki wata mai zuwa. Takardar ta zama gajera, ba zagi, ba tarihin tsohuwar gaba. Ka faɗi abin da aka ce, da inda aka ce, ka haɗa hoton saƙon. Sannan ka nemi abin da mai laifi ba ya nema: a binciki aikinka. A duba takardun kwangilolin da suka bi ta hannunka, a kira 'yan kwangilar a tambaye su, a kuma ce wa mai zargin ya kawo hujjarsa. Ka nemi a ba ka sakamakon a rubuce, a sa kwafi a fayil ɗinka. Wannan takardar wankewa, idan ka same ta, ta fi maka amfani a aikinka fiye da duk kuɗin da alƙali zai yanke, domin ita kwamitin ƙarin girma zai gani bayan shekara biyar, lokacin da duk waɗanda suka san gaskiyar zancen sun watse.

Mai yiwuwa ne kai a fara ba takardar tuhuma. Kada ka ɗauke ta cin fuska, kada kuma ka bar wa'adin da aka rubuta a jikinta ya wuce. Ka amsa zargi ɗaya bayan ɗaya, ka nemi a nuna maka takardun da aka dogara da su, ka nemi a ba ka damar yi wa mai zarginka tambayoyi idan aka kafa kwamiti. Haƙƙinka ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a saurari kowa cikin adalci, kotuna kuma sun daɗe suna cewa wannan ƙa'ida ta hau kan kwamitocin ladabtarwa. Ka ji labarin ɗaliban Jami'ar Maiduguri da aka kora bayan wata tarzoma? A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Cikin dalilanta akwai cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ba ya yiwuwa mutum ya zama alƙali a shari'ar kansa. Saboda haka idan ka ga mai zarginka ko amininsa a cikin kwamiti, ka yi ƙorafi a rubuce tun kafin a zauna. Dokokin Aikin Gwamnati na tarayya kuma sun lissafa yi wa jami'in gwamnati zargin ƙarya cikin manyan laifuffukan da ake iya korar ma'aikaci a kansu, ka ga ke nan shi ma yana da abin amsawa. A kamfani mai zaman kansa kariyar ba ta kai haka ƙarfi ba, amma ko a can, idan mai aiki ya rubuta dalilin kora, kotu za ta ce ya tabbatar da shi. Duk yadda abin ya yi zafi, kada ka ajiye aiki cikin fushi. Wanda ya tafi ana tsakiyar zargi, mutane cewa suke ya gudu.

Yanzu bari mu zo kan abin da doka ke kira ɓata suna, don ba duk maganar da ta ƙona rai ce ke shiga ba. Sai an faɗa wa wani, ba kai kaɗai ba. Idan ya kira ka gefe ya ce maka ɓarawo ba wanda ya ji, ya ci mutuncinka amma bai taɓa sunanka a idon jama'a ba. Sai maganar ta nuna kai ake nufi, ko da bai ambaci suna ba, muddin masu ji sun gane. Sai ta zama irin wadda ke zubar da ƙimar mutum a wurin mutanen kirki. Zagin da aka yi cikin hayaniyar faɗa, wanda duk mai ji ya san ɓacin rai ne ba labari ake ba shi ba, kotuna ba su ɗaukarsa ɓata suna. An kuma bambanta rubutacce da na baki. Rubutacce, har da saƙon waya, ba sai ka nuna asarar da ka yi ba, doka ta ɗauka an cuce ka. Na baki sai ka nuna asara ta zahiri, in ban da wurare huɗu: a jingina wa mutum laifin da ake ɗauri a kansa, ko wata mummunar cuta mai yaɗuwa, ko a zargi mace da lalata, ko a ce mutum bai cancanci aikinsa ko sana'arsa ba. Zargin cin hanci ya faɗa cikin biyu daga huɗun nan, don haka ta wannan gefen ƙafarka a kan dutse take.

Mai zarginka ma yana da garkuwa, kuma gara ka san ta tun yanzu. Idan ma'aikaci ya ga abin da bai gane ba, ya rubuta wa shugaban da ke da ikon bincike, da kyakkyawar niyya, doka tana kare shi ko da daga baya an gano kuskure ya yi. Ni ina ganin daidai ne, domin in ba haka ba babu wanda zai ƙara tona sata a ma'aikata, ƙasar nan kuwa ka san halin da take ciki. Garkuwar tana faɗuwa ne idan aka nuna mugun nufi, wato ya san ƙarya ce, ko bai damu ya bincika ba, ko wata ƙullalliya ce ta tura shi. Tana kuma faɗuwa idan ya watsa maganar ga waɗanda ba ruwansu. Shi bai je wurin oga ba, zaure ya je, inda akwai direba da masinja da ɗan bautar ƙasa. Idan kuma akwai tarihi tsakaninku, kamar kujerar da kuka nema tare aka ba ka, ko takardarsa da ka ƙi sa wa hannu, ka rubuta shi da kwanan wata ka ba lauya.

Babbar garkuwarsa ita ce gaskiya, kuma a nan zan yi maka tambayar da mahaifiyarka ba za ta yi maka ba. Akwai wani abu, komai ƙanƙantarsa? Ragon layya da wani ɗan kwangila ya aiko gida, ko kuɗin mai da aka tura maka a asusu, ko gudunmawar suna da ta fi ƙarfin zumunci? Ban zarge ka ba, na san tarbiyyar gidanku. Amma wanda ya shigar da ƙarar ɓata suna ya buɗe ƙofar rayuwarsa ne da hannunsa. Lauyan wancan zai nemi bayanan asusunka na banki, zai tsayar da kai yana yi maka tambayoyi a bainar jama'a, kuma abin da aka faɗa a cikin kotu ba a ƙarar kowa a kansa. Idan akwai abin da zai ba ka kunya, ka faɗa wa lauyanka shi a zaman farko, ya auna ya gaya maka ko shiga kotu alheri ne gare ka.

Lauyan kirki ba ya fara da kotu. Wasiƙa yake rubutawa: ga abin da ka ce, ƙarya ne, ka janye ka nemi afuwa cikin kwana bakwai ko goma sha huɗu, in ba haka ba mu haɗu gaban alƙali. Da yawa a nan suke ƙarewa, domin mai baki a zaure yakan yi sanyi idan ya ga takarda mai hatimin lauya da sunansa a kai. Idan ya taurare, sai ƙarar neman diyya. Kotu na iya yanke kuɗi, ta hana shi maimaitawa, ta kuma umarce shi ya janye. Sai dai wace kotu? A al'ada Babbar Kotun jiha ce ke jin ƙarar ɓata suna. Amma gyaran Tsarin Mulki na uku, na 2010, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa iko ita kaɗai a kan al'amuran aiki da abin da ya danganci wurin aiki, a sashe na 254C, daga nan aka shiga ja-in-ja. A 2016, a shari'ar wani ma'aikaci da Jami'ar Kalaba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ɓata suna ba hurumin Kotun Ma'aikata ba ne. A 2018, a wata shari'a da ta shafi ƙungiyar ma'aikatan lafiya, ta ce huruminta ne idan a cikin harkar aiki abin ya taso. Ka ce wa lauyanka ya nuna maka hukunci mafi sabo a kan wannan kafin ya shigar da komai, don mutum na iya shekara uku yana shari'a a ce masa ya shiga kotun da ba ita ba.

Lokaci ma abin lura ne. Kowace jiha tana da dokar da ta ƙayyade wa'adin shigar da ƙara, kuma akwai dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ba da wata uku kacal a kan abin da jami'i ya yi cikin gudanar da aikinsa. Lauyanka zai iya cewa yaɗa ƙarya a zaure ba aikin gwamnati ba ne, kuma yana da hujja, amma me zai sa ka ba abokin shari'a abin kamawa? Idan za ka shiga, ka shiga kafin wata ukun. Ka kuma yi lissafi da idon basira. Shari'a a Babbar Kotu shekaru take ci, ga ɗage zama, ga canjin alƙali, ga ɗaukaka ƙara. Wanda kake ƙara ɗan albashi ne kamarka. Ko an yanke masa miliyoyi, karɓowa wani dogon aiki ne. Idan kuɗi kake hange, ka haƙura tun yanzu. Idan kuwa an kore ka ko an rage maka matsayi saboda ƙagen, wannan shari'a ce ta daban tsakaninka da ma'aikatar, a Kotun Ma'aikata, kuma ita ce ta fi cancantar kuɗinka da ƙarfinka.

Maganar abokanka ta kamu tana da tushe a doka. A Arewa ɓata suna laifi ne: sashe na 391 na Final Kod ya bayyana shi, na 392 ya yanke ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi, kamar Kaduna a 2017, sun sabunta kundinsu, lambobin sassan sun sauya. Ana iya kai ƙara kai tsaye gaban majistare ba sai an bi ta caji ofis ba, kuma in har za ka bi hanyar laifi, wannan ta fi tsabta. Amma ga abin da nake gani. A shari'ar laifi sai an tabbatar ba tare da wani kokwanto ba, wanda ya fi na neman diyya nauyi. Idan aka sallame shi, ofis zai ce kotu ta gaskata shi, ko da ba haka hukuncin ya ce ba, shi kuma yana iya juyowa ya yi ƙararka a kan tsarewa da gurfanarwa bisa mugun nufi. Ko ba wannan, ranar da 'yan sanda suka zo suka tafi da shi a gaban jama'a, tausayi ya koma wurinsa. Za a manta abin da ya yi maka, a riƙa cewa wane ne ya sa aka kulle mai iyali. Masu cewa a kama shi da dokar laifukan intanet kuma labarinsu ya tsufa: an gyara sashe na 24 na dokar a 2024, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da ƙaryar da aka yi don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Jihar Legas ta cire ɓata suna daga kundin laifuffukanta a 2011, Gana ta yi haka tun 2001. Nijar kuwa a 2024 ta dawo da ɗauri a kan ɓata suna ta intanet, don haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram lissafinsu daban ne.

Kotun shari'ar Musulunci tana nan a jihohin da suka kafa ta tun daga Zamfara a 2000, idan ku biyun Musulmi ne. Sai dai ka san ƙazafi mai haddin bulala tamanin ya taƙaita ne ga jifan mutum da zina ko kore masa nasaba, kuma a mazhabar Malikiyya ko da habaici aka yi, in ma'anar ta fito fili, ya shiga. Zargin sata ko cin hanci ta'aziri ne, alƙali ke auna horon bisa abin da kundin jiha ya tanada. Na kawo wannan ne musamman saboda ƙannenka mata da ke aiki, ka karanta musu. Mace a ofis ba a cika zarginta da kuɗi ba, da mutuncinta ake jifanta: wai da oga take, wai ta haka ta sami ƙarin girma. Sau da yawa kuwa mai yaɗawar shi ne wanda ya nema aka ƙi shi. Kunya ke sa su yin shiru, shirun kuma ya kashe aure ko ya hana shi. Su sani shari'ar Musulunci ta tsaya musu da haddi, dokar ƙasa ta sa irin wannan zargi cikin waɗanda ba a neman shaidar asara, sashe na 254C ya ambaci cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki cikin hurumin Kotun Ma'aikata, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan tsangwama a wurin aiki a 2022. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, tana da rassa a jihohi, tana sauraron irin wannan.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne sulhu, amma sulhu mai haƙori. Akwai wuraren yinsa. Kano tana da kotun sasanci mai ƙofofi da yawa tun 2009, Abuja tun 2003, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can, idan alƙali ya sa mata hannu, ta zama hukuncin kotu. Kotun Ma'aikata tana da nata sashen sasanci. Hisba na yin sulhu, limamin masallacin ofis da dattawan ƙungiya ma suna yi. Idan kuma ma'aikatar ce ta yi biris da kokenka, ko ta hukunta ka ba bincike, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Kyauta take aiki, tana duba ma'aikatun gwamnati da kamfanoni, amma ba ta karɓar abin da ya wuce wata goma sha biyu ko wanda ke gaban kotu.

Abin da nake jin tsoro shi ne sulhun da aka saba yi mana. A tara ku a ofishin oga a rufe ƙofa, ya ce "in na ɓata maka rai ka yi haƙuri", a ce ku gaisa, a shafa fatiha, a watse. Mutum arba'in sun karanta an ce kai maci hanci ne, mutum huɗu sun ji an ba ka haƙuri, sauran talatin da shida suna nan da abin da suka karanta. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya bin ta da gyara har inda ta je. Saboda haka sharaɗinka ya zama guda, kuma kada ka sassauta shi: a inda ya faɗa, a nan zai janye. Ya rubuta a zauren nan, da lambarsa, cewa abin da ya faɗa a kanka ranar kaza ba gaskiya ba ne, ba shi da hujja, ya janye. Ya kuma sa hannu a takarda mai wannan magana, a sa kwafi a fayil ɗinka, ka riƙe naka. Dattawa za su ce ka tsananta, ai ya riga ya ji kunya. Ka amsa musu da ladabi cewa ba ka neman kuɗinsa, ba ka neman a kore shi, ba ka neman ya durƙusa, sunanka kawai kake so a mayar inda aka ɗauke shi. Idan ya yi haka, ka yafe masa da zuciya ɗaya, ka roƙi ofis ya sassauta masa, kada kuma ka ƙara tayar da zancen ko a gida.

Bayan nan za ku ci gaba da zama ofis ɗaya, wataƙila shekaru. Ka gaishe shi, ka je masa jaje da barka kamar kowa. Amma duk aikin da ya haɗa ku ya zama a rubuce, kuma kada ka ƙara ganin ɗan kwangila kai kaɗai a ofis ƙofa a rufe. Takardar koken nan ka rubuta ta a daren yau, ka bar ta ta kwana, da safe ka cire duk kalmar da fushi ya sa. Ka turo mini ita kafin ka miƙa mu duba tare, ka haɗo da takardar ɗaukarka aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikatarku, ina so in ga abin da suka ce game da kwamitin ladabtarwa.